FILIN ANTI: Ya Turo Mini Kiɗan da Babu Waƙa

   Waɗanda suka aiko da wasiƙu ba su ga amsa ba su ƙara haƙuri, layi ne, kowa zai zo kansa in Allah ya yarda.

Wasiƙar wannan fitowa daga Wanke ta zo, can ƙasar Gusau. Yarinyar ta roƙe ni kada in saka sunanta, na kuwa riƙe mata amana. Ga abin da ta ce, da bakinta na Zamfarawa, ban gyara mata komai ba:

"Anti, bayan gaisuwa da fatan kina lahiya. Ni ɗalibar ajin ƙarshe ce a sakandare. An yi mani baiko da wani malamin makaranta wanda yay yi karatu Zariya, an aje biki sai na ƙare jarrabawa. Yana da kirki, iyayena na son shi, ni ma ina son shi. Watan jiya ya amshi wayata ya tura mani wani kiɗi na Turawa, yac ce in ina son in san ko shi wane ne, to in saurari wanga. Anti wallahi na kunna, ina ta jiran a fara waƙa, har minti 5 babu wanda yab buɗe baki, sai busa da ganga. Ƙawayena sunka yi ta dariya, wai su waƙoƙin soyayya samarinsu ka turo masu, ni kau an turo mani kiɗin 'yan sanda. Guda ta ce so shikai ya gwada mani ni 'yar ƙauye ce. Da yat tambaye ni, kunya ta sa nic ce ya yi mani daɗi ƙwarai. Yanzu kullum yaz zo zance sai ya ce wane wuri ne yaf fi burge ni, ni kau sai kame-kame. Sunan kiɗin Moanin', na wani wai shi Art Blakey. Anti, raini ne ko mi? Har na fara tunanin in ce a fasa, don ban iya zama da wanda ka ganin ya fi ni."

Ɗiyata, da na kai wajen sunan kiɗan nan sai da na ajiye takardar na yi shiru. Allah sarki! Kin tuno mini da mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri in fara ba ki labarinsa, domin amsar tambayarki tana ciki.

Babanmu ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne a Gusau. Mutum ne marar yawan magana, in ya dawo daga aiki ya yi sallar isha ya ci tuwo, sai ya jawo rediyonsa ya kamo Muryar Amurka, inda wani Bature mai kakkaurar murya, Willis Conover, yake saka kiɗan jaz. A 1955 mutumin nan ya fara wannan shiri. Wata rana Baba ya shigo da faifan garmaho a hammata, ya saye shi a hannun wani abokin aikinsa ɗan kudu da zai koma gida. A jikin kwalin akwai hoton fuskar wani baƙin mutum, ya ɗaure wuya, ya ƙura ido kamar mai jiran a ba shi amsa. Wannan faifan da aka turo miki ne, shi ɗin dai.

Mu yara muka sa masa suna kiɗan aljanu. Inna kuwa ba ta ce uffan ba, amma duk ranar da aka ɗora shi sai ta tattara ta koma madafa. An fi wata 3 a haka. Ran nan tana zaune a bakin ƙofa tana tsintar shinkafa, faifan yana juyawa, sai ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe mutanen nan naka suna da 'yan amshi." Baba ya dube ta, ya ce, "Me kika ji?" Ta ce, "To ga shi nan, ɗaya ya faɗa, sauran sun karɓa. Ai kamar na Ɗanƙwairo ne, baki ne kawai babu." Wallahi ban taɓa ganin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Ya ɗaga allurar ya mayar farko, suka saurara tare. Inna ko aji 1 ba ta taɓa shiga ba. Saboda haka maganar 'yar ƙauye ki ajiye ta gefe tukuna.

Yanzu bari in gaya miki ko mene ne wannan abu, don ko gobe aka tambaye ki kada ki yi zuru.

Jaz kiɗa ne na baƙaƙen fatar Amurka, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A birnin New Orleans ya tsiro, farkon ƙarni na 20. Da farko kiɗan rawa ne. A shekarun 1940 sai wasu samari irin su Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da sabon salo mai tsananin sauri da wuya, ana ce masa bibof, wanda sai dai a zauna a saurara. Zuwa tsakiyar shekarun 1950, wasu kuma, cikinsu har da Art Blakey da Horace Silver, suka riƙe gwanintar bibof ɗin amma suka dawo da ɗanɗanon gida a cikinta, wato irin waƙoƙin baƙin ciki na kakanninsu da irin amshin da ake yi a majami'unsu, suka kuma ƙara wa ganga nauyi. Wannan shi ake kira had bof. Faifan da ke cikin wayarki yana cikin waɗanda ake fara ambata in ana zancen wannan salo.

Ranar 30 ga Oktoba 1958 aka ɗauke shi, a rana ɗaya tak, kamfanin Blue Note ya fitar da shi a farkon 1959. Kin san inda aka ɗauka? A falon gidan iyayen wani mai gwada ido yana ba da tabarau, Rudy Van Gelder, wanda ya mayar da falon ɗakin ɗaukar murya. Mutum 5 ne kacal. Art Blakey shi ne uban tafiya, shi ke kan ganguna, yana da shekara 39. Lee Morgan mai busa ƙahon Turawa shekararsa 20, bai fi yayanki ba. Bobby Timmons mai fiyano shekara 22. Benny Golson mai busa saksafon, wata irin algaita ce ta tagulla mai lanƙwasa, shekara 29. Sai Jymie Merritt mai wani ƙaton goge da ake tsayar da shi a ƙasa ana jan tsirkiyarsa da yatsa. Kiɗa 6 ne a ciki, duka wajen minti 40.

To yaya ake jinsa? Kuskuren da kika yi, wanda ni ma na yi, shi ne jiran mawaƙi. Babu shi, ba kuma zai zo ba. Kayan kiɗan su ne masu maganar. Mu kuwa bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba, tunda mun san kalangu yana kiran sunan mutum, kakaki yana yi wa sarki kirari, ba tare da kowa ya buɗe baki ba.

Ki samu lokacin da gida ya yi tsit, bayan kin gama bitar karatunki. Ki kunna na farko, mai sunan faifan, wanda ma'anarsa nishi, irin na wanda abu ya dama a rai. Minti 9 ne da 'yan kai. Da farawa za ki ji fiyano ya faɗi 'yar gajeruwar magana, sai masu busa su amsa da sauti 2, kamar an yi addu'a an ce amin. Ya sake faɗa, su sake amsawa. Timmons da ya tsara shi a gidan masu wa'azin coci ya tashi, can ya samo wannan. Abin da Inna ta ji ke nan. Ki tuna yadda Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, yake jefa magana 'yan amshinsa su cafe, ko Sa'idu Faru da kotsonsa. Ke da kika fito daga Zamfara, ƙasar makaɗan fada, wa zai koya miki amshi?

Masana waƙar baka irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun nuna mana cewa waƙarmu tana da gindi tana da ɗiya. Gindi shi ne wanda ake komawa gare shi, ɗiya kuwa su ne abin da makaɗi yake saƙawa a tsakani. To wannan ma haka yake. Abin da kika ji da farko shi ne gindin. In an kafa shi, sai a ba kowa fili ya kawo ɗiyansa, nan take yake ƙirƙira, ba a rubuce yake ba. In kowa ya gama sai a koma gindi a rufe.

Wanda ya fara shiga shi ne yaron nan Lee Morgan. Ki ji yadda yake shigowa da ƙarfinsa, yana matse sauti yana sakinsa, kamar saurayin da ya sha sabuwar shadda ranar sallah ya san ana kallonsa. Daga nan ki kasa kunne sosai, don nan ne wurin da ni ya fi burge ni. Lokacin da Morgan ya ƙare, Golson bai zo da tasa maganar daban ba. 'Yar jimlar da Morgan ya rufe da ita, ita ya ɗauka ya maimaita, sa'an nan ya ɗora tasa a kai. Wato duk tsawon lokacin da ɗan'uwansa yake busa, shi yana tsaye yana sauraro, ba wai jira kawai yake a gama ya nuna kansa ba. Bayansa sai mai fiyano, ya fara a hankali yana ƙara wuta har sai kin ji kanki yana kaɗawa. Sai mai babban goge, wanda tun farko yake ƙasa yana riƙe da kowa, shi ma a ba shi nasa lokacin.

Ina uban tafiyar? Yana baya. A wannan kiɗa na farko, wanda ya fi kowanne suna, Blakey bai ware wa kansa fili ba. Aikinsa shi ne riƙe taki. Za ki ji wani cas, cas, da ba ya kuskure, wasu faranti 2 ne na tagulla da yake takawa da ƙafa, kamar tafin 'yan gaɗa a dandali. In wani zai shiga kuma sai ya gangaro da ganga kamar hadari ya taso daga gabas, ya tura shi gaba. In kin taɓa yin lugude ke da 'yan'uwanki 2 a turmi ɗaya, kin san abin da nake nufi: kowace taɓarya da lokacinta, wadda ta yi gaggawa ta ɓata daka, ta kuma fasa wa wata hannu.

Sauran ma kowanne da labarinsa. Akwai Along Came Betty, wanda Golson ya tsara saboda wata budurwa da yake nema a lokacin, mai taushi ne kamar tafiyar yamma. Ki gaya wa ƙawayenki ashe akwai soyayyar a ciki. Akwai Blues March mai kama da badujala, shi ne na 'yan sandan da suke faɗa, a nan kam ba su yi ƙarya ba. Akwai wanda aka bar wa Blakey ya baje kolin gangunansa. Na ƙarshe kuwa tsohuwar waƙar soyayya ce ta 1946 suka busa ba tare da baitocinta ba, ma'anar sunanta ko ana ruwa ko ana rana. Ki tambayi malamin naki ko ya san da wannan.

Wani abin da zai ba ki mamaki, mutanen nan ba su yi mana nisa kamar yadda kike zato ba. Art Blakey ya musulunta a ƙarshen shekarun 1940, ya ɗauki sunan Abdullah Ibn Buhaina, ya kuma ba da labarin cewa ya zo Afirka ta Yamma a wannan lokaci don neman sanin addini da rayuwar mutane. Duk da haka ya sha faɗa cewa jaz a Amurka aka haife shi, don haka ba zan ce miki kiɗanmu ne ba, sai dai dangi ne na nesa. A 1962 ya yi wani faifai mai suna The African Beat tare da wani makaɗin Nijeriya, Solomon Ilori. A cikin masu busa na wannan faifai akwai Yusef Lateef, shi ma Musulmi, wanda daga baya ya zo ya zauna a Zariya daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, har ya yi nazarin sarewar Fulani. Kin gani? Gwanin da duniya ta sani ya tsallako teku ya zo koyon abin da yaro makiyayi yake busawa a bayan garinku. To wace ce 'yar ƙauyen?

Amma fa tsaya, kada daɗin labari ya kwashe mu. Iya sauraron kiɗa mai kyau ba ya shaidar halin mutum, kai ko iya yinsa ma. Wannan Lee Morgan mai busa kamar ba zai mutu ba, ƙwaya ta kama shi har ta kai shi ga rasa komai. Wata mata mai suna Helen, wadda ta girme shi, ita ta tsince shi, ta yi jinyarsa, ta mayar da shi mutum har ya koma sana'arsa. Da ya miƙe sai ya fara neman wata. Ranar 19 ga Fabrairu 1972, a wani gidan kiɗa a New York, Helen ta harbe shi da bindiga. Dusar ƙanƙara ta hana motar asibiti zuwa da wuri, jini ya ƙare masa, ya mutu yana da shekara 33. Butulci ya haɗu da kishi, rai ya salwanta, ita ma ta ƙare rayuwarta da wannan tabo. Bobby Timmons kuma giya ta lalata masa hanta, ya rasu a 1974 yana da shekara 38. Mutanen da suka iya sauraron juna a fagen kiɗa, ba dukansu suka iya haka a gida ba. Don haka ban ce ki auri mutum don yana jin jaz ba.

Ga shawarata, guda 4.

Ta 1, ki warware ƙaryar nan tun tana ƙarama. Ramin ƙarya ƙurarre ne. In ya zo zance ki ce, "Malam, ran nan kunya ce ta sa na ce ya yi mini daɗi, gaskiya ban gane komai ba, ka nuna mini." Yarinyar da ta fara zaman aure da cewa na ji daɗi alhali ba ta ji ba, za ta wayi gari ta shekara 10 tana faɗin haka a kan abin da ya fi kiɗa girma.

Ta 2, ki saurari na farkon sau 3 yadda na kwatanta miki. In ya shige ki, madalla. In bai shige ki ba, ba laifi ba ne, ba kuma jahilci ba ne, ki faɗa masa hakan kai tsaye. Wani tuwon dawa, wani na shinkafa. In kuma gidanku ba a yarda da jin kiɗa ba, to maganar iyaye ita ce gaba, shi ma ya san da haka.

Ta 3, wadda ta fi duka, ke ma ki ba shi naki. Ki zaɓi abin da ke taɓa miki zuciya, ko Ɗanƙwairo ne, ko amadar Barmani Choge, ko waƙar daka da kika koya a bakin kakarki, ko ma irin na ƙawayen naki in shi kike so. Ki ce, "Ni ma in kana son ka san ni, ga nawa." Sa'an nan ki zuba ido. In ya zauna ya saurara, ya yi miki tambaya a kai, ya ɗauki maganarki ya ɗora tasa kamar yadda Golson ya yi wa Morgan, to ba raini ba ne, mutum ne ya buɗe miki ɗakin da ba ya buɗe wa kowa. Maza da yawa, irin Babanmu, abin da bakinsu ya kasa faɗa sai su miƙo shi ta wata hanya. In kuwa ya yamutsa fuska, ya ce wannan ai na 'yan ƙauye ne, ko ya yi miki dariya don kin ce ba ki gane ba, to ƙawarki ta yi gaskiya. Sai ki samu Innarki ko gwaggonki ki gaya mata tun ba a kai ga ɗaura aure ba, manya su duba lamarin. Wanda ba ya sauraronki a waje, ba zai fara a ɗaki ba.

Ta 4, kada ki yanke hukuncin fasa aure a kan dariyar ƙawaye. Su za su koma gidajensu, ke za ki zauna da abin da kika zaɓa. Kuma duk wannan kada ya ɗauke miki hankali daga jarrabawa, ita ce a gabanki yanzu.

Faifan Baba yana nan a wurina. Bayan rasuwarsa Inna ta naɗe shi a cikin tsohon zane ta sa a ƙasan adaka, garmahon ma ya daɗe da lalacewa. Da na tambaye ta me za ta yi da shi, cewa ta yi, "Bar shi nan, a kansa muka fara hira da ubanku." Auren nasu kuwa ya shekara 12 kafin wannan rana.

Ki rubuto mini ki gaya mini yadda kuka ƙare, da kuma wurin da ya fi burge ki, in akwai. Ina gaida mutanen Wanke da na Gusau, da masu karatunmu na Tsafe da Bunguɗu. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar Zamfara, ya tsare ku a hanyar makaranta, ya ba kowacce miji nagari mai jin maganarta. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Antinku.